Rigar da Larai Ta Wanke

A gidansu Nuraddeen ba wanda yake kiran wasan da sunansa. Mahaifiyarsa Larai "doke-doken nan naku" take ce masa. Ƙanwarsa Hafsa, wadda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta, takan ce ragbi, amma sai ta haɗa da taɓe baki. Kawu Bawa kuwa sau ɗaya ya taɓa kallo a waya. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa wa Nuraddeen wayarsa ya ce, "Kokawa ce. Ƙwallon nan an sa ta ne don kada shurɗa, 'yan sanda, su shigo maganar."

Nuraddeen bai musa ba. Da ma shi ba mai yawan magana ba ne. A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife shi, iyayensa Hausawan Sudan. Da ya gama sakandare ya samu aiki a wani sito a unguwar Khumra, yana tuƙa motar ɗaga kaya. A can ne wani injiniya mutumin Afirka ta Kudu, Pita, ya ga faɗin kafaɗarsa ya ce ya zo fili ya gwada zari-ruga. Ya je don kada ya ƙi babba. Sai ya tarar da wasan da ba ya bukatar surutu: ka sunkuya, ka tura, ka faɗi, ka tashi. Tun daga ranar bai daina zuwa ba.

Kulob ɗin ba na ƙwararru ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da injiniyoyi, da 'yan ƙasa kaɗan. Kyaftin ɗinsu Raed haifaffen Jidda ne, kakarsa ce ta zo aikin hajji daga Katsina ba ta koma ba. Hausar da ta rage a bakinsa ba ta wuce "sannu" da "tuwo" da "ɗan banza" ba, kuma duk ukun a kan Nuraddeen yake amfani da su.

Kawu Bawa yayan Larai ne. Shi ya riƙe gidan tun da mahaifin Nuraddeen ya rasu. Agashe yake gasawa a unguwar Ammariyya, nama da yaji da ƙuli a kan garwashi, kuma duk rayuwarsa a tsaye ya yi ta. Ciwon suga ya fara da ɗan yatsa, ya hau, ya hau, har likitoci suka yanke ƙafar hagu daga saman gwiwa. Da aiki ya tsaya, inshora ta tsaya. Ya koma kan katifa a ɗakinsa da sanduna biyu jingine da bango. Bai roƙi kowa ba. Wanda ya zo dubiya ma sai ya tafi da dabino a aljihu.

Abin da ya fi damun Nuraddeen ba katifar ba ce. Duk mako Kawu yana sa a kawo masa ƙuli da barkono da citta, ya zauna ya haɗa yajin agashe a roba, ya ɗanɗana, ya rufe, ya ajiye. Ba naman da za a zuba wa. Robobin suka fara taruwa a kan taga.

A wurin masu ƙafar roba an nuna musu iri biyu. Akwai mai gwiwa da take lanƙwasa da kanta idan mutum yana tafiya. Akwai ta talakawa, mai ƙulli a gwiwa, wadda sai ka sa hannu ka sake ta kafin ka zauna. Ko ta biyun ma ta fi ƙarfinsu.

Kowace shekara kulob yana walimar rufe kakar wasa, a yi gwanjon kayan wasa, kuɗin ya bi ta hannun wata jam'iyyar agaji mai rajista zuwa wurin mabukaci. Raed ne ya lura Nuraddeen ya daina cin abinci bayan atisaye. Ya yi ta tono har ya ji labarin.

"Halas, an gama," in ji Raed. "Bana ka kawo abu ɗaya. Abin da ya kawo na kawunka ne."

Nuraddeen ya ce, "Ba sunansa. Ba hotonsa."

"Ba suna, ba hoto. Amma ka kawo abin da mutane za su so, ya ɗan banza. Ba takalminka ba."

Abin ya zo da kansa. Don bikin wasan ƙarshe na kaka, kulob ya gayyato wani tsohon ɗan wasa daga Fiji, Tomasi, wanda aka ce ya taɓa yi wa ƙasarsa wasa tun kafin a haifi Nuraddeen. Ya zo da furfura da tumbi, yana ɗingishi kaɗan. Aka ba shi farar rigar kulob ta bikin, irin ta da, audugar nan mai kauri da kwala. Mutane suka cika bakin fili don su gan shi. Da ƙwallo ta shiga hannunsa sai ɗingishin ya ɓace. Ya wuce mutum uku kamar ba sa wurin. Na huɗun Nuraddeen ne. Suka haɗu, kan Nuraddeen ya sami girar Tomasi, ta fashe.

Nuraddeen ya tsaya yana neman kalmar ban haƙuri. Tomasi kuwa dariya yake. Ya jawo gaban rigar ya goge jinin, ya dafa masa kai, aka ci gaba.

Bayan wasa Raed ya yi wa baƙon bayani a gefe. Tomasi ya cire rigar a nan take, ya karɓi maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ya sa hannu a ƙirji, daidai kan jinin, wani dogon rubutu mai wutsiya. Ya miƙa wa Nuraddeen. Washegari ya hau jirgi.

"Kada ruwa ya taɓa ta," in ji Raed. "Ka ji? Jinin nan shi ne farashin. Akwai wani ɗan kasuwa da ke tara irin waɗannan, na riga na tura masa hoto. Ka bi sauran 'yan kulob su sa hannu a kewaye, ta cika."

Nan wahalar ta fara. Kaka ta ƙare, ba a taruwa a fili, kowa ya koma harkarsa. Nuraddeen ya sa rigar a leda, ledar a jaka, yana tashi daga Khumra ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya jira wani malami a ƙofar makaranta cikin rana har mai gadi ya tausaya ya ba shi kujera. Ya sami wani nas ɗan Filifin a bayan asibiti, ya sa hannu a tsaye da safar roba a ɗaya hannun. Saif, mai gudun gefe, ya ce sai an zo gidansu an sha gahawa, sannan ya yi wata ƙaramar tsutsa-tsutsa a kafaɗa ya ce haka banki ma suka san shi. Othman, ƙaton da ke turawa kusa da Nuraddeen, ya rubuta nasa da Larabci, babba kamar allon shago, har sai da aka riƙe masa hannu.

Pita ya samu a ƙarshe, cikin akwatuna. Kwangilarsa ta ƙare, zai koma gida gaba ɗaya. Ya zauna a kan akwati ya ɗora rigar a gwiwa, ya sa hannu a ƙasan kwala a hankali.

"Ka ci gaba da sunkuyawa," ya ce. "Har yanzu kana shiga a miƙe."

Nuraddeen ya gyaɗa kai. Wannan ce sallamarsu.

A gida bai faɗa wa kowa ba. Larai ba ta son wasan, kuma idan ta ji, Kawu zai ji, idan Kawu ya ji an ɗauki lalurarsa an kai gaban Turawa, zai ce a bari. Shiru ya fi masa sauƙi, kamar kullum. Ya cusa ledar a saman kabad na ɗakin tsakiya, inda suke ajiye dardumai da abin salla, don nan ne Hafsa ba ta bincike.

Larai mace ce mai hanci. Ran Alhamis take juye gidan kafin Juma'a, ta share, ta goge, ta kunna turaren wuta. Sauran kwanaki tana zaune bakin taga da hula da allura. Ɗinkin hula ta koya wurin mahaifiyarta a Mai Wurno, can Sudan. Wani mai zane a kasuwar Balad yake zana mata da alƙalami a kan farin yadi, ita kuma ta bi layin da zare. Ba ta karanta boko. Amma layi ko ya kai siririn gashi ba ya ɓace mata.

Wata Alhamis, walima saura ɗan lokaci kaɗan, Nuraddeen ya dawo bayan la'asar ya hau bene. A kan igiyar shanya ta baranda ya ga farar riga tana lilo. Fara sol. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya je ya taɓa ta. Ta bushe, tana warin bilic da sandal. Baƙin rubutun duk ya koma wani launin toka mai haske, sai ka karkata ta wajen rana kake ganinsa. A ƙirji kuwa ba komai. Wurin ma ya fi ko'ina fari, audugar ta ɗan tashi saboda dirza.

Larai ta leƙo daga kicin tana goge hannu.

"Ka ga rigarka? Wallahi sai da na sa gishiri da lemo, sannan bilic. Jinin nan ya kama. Kai kuma wane irin mutum ne, jini da zufa a kan abin sallarmu? Duk darduman sai da na sake wanke su."

Ya saki rigar.

"Su kuma abokan naka ba su da takarda ne? Riga mai kyau, sun bi ta da zane-zane kamar bangon makaranta. Bai fita duka ba, amma gobe in na sake..."

"Inna, kada ki sake."

Yadda ya faɗa ya sa ta ajiye tsumman. Hafsa ta fito da waya a hannu, ta dubi rigar, ta dubi yayanta. Ita ta taɓa ganin hoton a wayarsa.

"Ya Ummi," ta ce a hankali, "hadi ta mazad ce. Ta gwanjo. Rubutun ake saya."

"A sayi datti?"

"Har jinin."

Larai ta dubi ɗanta. "Me za ka yi da kuɗin riga mai jini?"

Ya ce, "Ƙafar Kawu."

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta dafa ƙirji ba. Ta jawo kujerar roba ta zauna. Hannayenta sun yi ja saboda bilic, ta ɗora su a cinya tana kallon su.

"Da ka faɗa mini," ta ce.

"Da kin hana."

"Da na hana. Amma da ban wanke ba."

Ya shiga ɗaki ya kira Raed. Raed ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. Ya ce zai nemi Tomasi. Da ya sake kira ya ce mutumin ya koma ƙauyensu a wani tsibiri, waya ba ta shiga, kuma ko ta shiga, riga ba za ta je Fiji ta dawo kafin walima ba. Pita ya tafi. Wasu uku sun tafi hutu.

"Ka kawo ta haka," in ji Raed. "Mu gani."

Nuraddeen ya san me "mu gani" take nufi. Ya bar rigar a kan kujera, bai ko naɗe ta ba.

Ran Asabar da ya dawo daga aiki ya tarar da su bakin taga. Larai ta ɗaure kafaɗar rigar a ƙaramin gwangwanin da take ɗora hula, ta karkata ta wajen haske. Hafsa na gefe tana zura baƙin zare a allurai. Tsutsa-tsutsar Saif ta dawo, baƙa ƙirin, a tashe kan audugar, kowace lanƙwasa a inda take.

"Wannan mai hannun ba shi da natsuwa," in ji Larai ba tare da ta ɗago ba. "Ya fara da kyau, ya gaji a tsakiya."

"Inna, ba haka ake yi ba. Sa hannu ake so. Na alƙalami."

"To alƙalamin na bi. Ni ban ƙara ba, ban rage ba. Ka matsa, ka tare mini haske."

Ya matsa. Bai yarda abin zai yi amfani ba, amma bai da abin da ya fi shi. Kwanakin da suka biyo baya hulunan mutanen Balad suka jira. Daga asuba zuwa lokacin da rana ta bar tagar, Larai tana kan rigar. Ba ta san sunan kowa ba, sai ta raɗa musu nata. Akwai Mai Wutsiya, akwai Gaggawa, akwai Ɗan Ƙwalisa. Na Othman kaɗai ta iya karantawa, ta ce Allah ya shirya shi, ya cinye mata zare. Da ta zo kan na Pita a ƙasan kwala ta ce, "Wannan dattijo ne. Ya zauna kafin ya rubuta."

Nuraddeen ya dube ta.

Sunaye suka cika baya da kafaɗu da hannuwa. Ƙirjin ya zauna fari.

A sito, lokacin hutun azahar, Nuraddeen ya buɗe hoton da ya ɗauka ranar wasa. Sa hannun Tomasi ya fito sarai. Ya sami kwalin banza da maka. Na farko ya karkace. Ya yi ta yi har kwalin ya cika, ya juya bayansa. Kafin a koma aiki hannunsa ya kama wutsiyar. Ko shi da ya yi, da ƙyar yake bambancewa.

Da ya dawo gida ya shimfiɗa rigar a kan tabarma, ya durƙusa, ya cire murfin makar. Larai tana naɗe zare.

"Wannan na wa za ka sa?"

"Na baƙon. Shi ne mai tsadar."

"Shi ya rubuta?"

"Haka yake rubutawa. Ga hoton."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Inna, ya rubuta. A nan ya rubuta, a gabana. Ke kika goge. Mayarwa kawai zan yi, ki bi da zare, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani." Ta soke allurar a gefen mayafinta. "Sauran nan duka hannun masu su na bi. Wannan hannunka ne. Mutum zai fitar da kuɗinsa yana zaton na wani ne."

"Mutumin yana da kuɗin da bai san iyakarsu ba."

"Nasa ne dai."

"Ba tare da sunan nan ba rigar ba komai ba ce. Kin gane? Kawu zai ci gaba da zama."

Ta ajiye zaren. Sannan ta ce, "Yayana ne kafin ya zama kawunka. Ƙafar nan masallaci zai taka da ita. In ka rubuta, rigarka ce, hannunka ne. Amma allurata ba za ta bi ba."

Ta tashi ta shiga kicin. Ya ji ta kunna famfo.

Ya daɗe a durƙushe. Bakin makar yana dab da audugar, har wani ɗan ɗigo ya so ya sauka. Ya tuna Tomasi yana dariya da jini a gira, yana dafa masa kai. Ya tuna robobin yaji a kan taga. Hafsa na bakin ƙofa tana kallon sa, ba ta yi magana ba, abin da bai saba gani ba.

Ya mayar da murfin. Ya naɗe rigar.

Ranar walima Larai ta karɓe ta daga hannunsa, ta goge ta da dutsen guga ta baya don kada zaren ya kwanta, ta riƙe ta a kan kaskon turare har hayaƙin ya shiga ko'ina. "Ba a kai wa mutane kaya haka nan," ta ce.

An yi walimar a ɗakin taro na wani rukunin gidajen ma'aikata, bayan magariba. Raed ne mai gwanjo. An sayar da ƙwallo, an sayar da hular kwano ta wani tsohon koci, ana ta dariya. Ɗan kasuwar yana tebur na gaba da farin tobe da carbi, bai ɗaga hannu ga komai ba. Rigar yake jira.

Raed ya kira Nuraddeen. Da ya buɗe ledar, ƙamshin sandal ya kai har tebur na uku. Ya ɗaga rigar. Surutu ya ragu.

Raed ya miƙo masa abin magana. Bai taɓa riƙe shi ba.

"Wannan rigar Tomasi ce," ya ce. "Ya sa ta, ya yi jini a kanta, ya sa hannu a nan." Ya nuna farin wurin. "Na ɓoye ta a inda muke ajiye abin salla, ban faɗa wa mahaifiyata ba. Ta wanke. Nasa ya fita duka. Na sauran ya rage kaɗan, ta bi da zare. Shi ke nan."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta. Ɗan kasuwar ya taso, ya dubi ƙirjin, ya shafa ɗinkin da yatsa, ya ce, "Masha Allah, hannu mai kyau." Ya koma ya zauna ya ɗauki carbinsa. Raed ya faɗi farashin farawa. Ba wanda ya motsa. Ya rage. Shiru. Nuraddeen yana jin hannuwansa suna gajiya da riƙon rigar.

Saif ne ya taso, ba don saye ba, don ya ga nasa. Ya sunkuya kan kafaɗar ya daɗe.

"Wannan nawa ne?" ya ce. "Wallahi nawa ne. Har inda hannuna ya zame."

"Ta ce ka gaji a tsakiya," in ji Nuraddeen. Ya manta abin maganar na bakinsa. Ɗakin ya fashe da dariya.

Othman ya ture kujera ya zo. Ya ga nasa ya cika rabin baya, ya dafa ƙirji kamar an ba shi sarauta. Sai ga su sun taso duka, suna jan hannun riga, kowa na neman kansa. Nas ɗin nan ya ɗauki hoto zai tura wa matarsa. Wani ya ga na ƙasan kwala ya ce, "Ga Pita," suka ɗan yi shiru.

Saif ya ɗaga hannu ya ce ya saya a farashin farko. Othman ya ce riga mai sunansa ba za ta kwana gidan mai gudun gefe ba, mutumin da bai taɓa datti a fili ba. Ya ƙara. Saif ya ce masu turawa ba su iya lissafi ba, ya ƙara. Nan take ɗakin ya rabu biyu yadda yake rabuwa a atisaye: ƙattan gaba suka haɗa kai a tebur ɗaya suna turo abin da ke aljihunsu, masu gudu suka koma ɗaya. Raed yana tsakiya yana zuga su, yana zagin kowane ɓangare da Hausarsa guda uku.

Ƙattan ne suka ci. Suka ce za a rataye ta a ɗakin canza kaya, sama, inda gajeru ba sa kaiwa.

Da aka watse Raed ya same shi a wajen ajiye motoci. Bai yi kwana-kwana ba.

"Bai kai abin da mutumin can zai bayar ba. Ko kusa. Mai lanƙwasawar ba za ta samu ba."

"Ɗayar fa?"

"Ɗayar ta samu."

Nuraddeen ya gyaɗa kai. Ya zauna a mota bai kunna ba na ɗan lokaci.

Larai ce ta faɗa wa Kawu Bawa, ita ta san ta inda ake shigarsa. Ya yi fushi na yini ɗaya, sannan ya yarda aka je aka gwada. An sha zuwa ana dawowa kafin kututturen ya saba. Ranar da ya fara fita da ita, Nuraddeen ya je Ammariyya bayan la'asar ya tarar an fito da tukunyar gashi ƙofar gida, an hura garwashi. Kawu na tsaye, sanda ɗaya a hammata, ƙafar a miƙe kamar turmi, yana barbaɗa yaji daga ɗaya daga robobin nan.

"Kawu, ba mai kyan ba ce. Waccan ta fi."

"Waccan ta masu gudu da ƙwallo ce. Ni tsayuwa nake so." Ya juya nama. "An ce riga aka sayar."

"E."

"An ce uwarka ta wanke kuɗin."

"Rabi."

Kawu ya yi dariya har sandar ta zame, Nuraddeen ya tare shi. Ya ture hannunsa ya gyara tsayuwa da kansa.

"Tun tana yarinya haka take. Ta taɓa wanke mini takardar tafiya a aljihu." Ya ɗauki tsinke ɗaya ya duba, ya miƙa masa. "Mutanen da ke jikin rigar, ka kawo su su ci. Amma ka gaya musu nan ba a kokawa."

Da ya gaji zai zauna, ya manta da ƙullin. Ya tsaya rabi a sama, ƙafar ta ƙi. Ya laluba gefen gwiwa, ya ja, ta saki da ƙara, ya sauka kan benci da ƙarfi. Ya zauna yana numfashi, yana kallon garwashin.

"Za mu saba," ya ce. "Juya naman nan kada ya ƙone."